Mai Gyaran Kyamara da Tsinken Kunnensa

Mai gyaran yana zaune bayan teburi, farata baƙi ƙirin, yana susar kunne da tsinken auduga, har da lumshe ido. Mai hoto tana tsaye kansa da kyamararta, saboda ɗigon ƙurar da ke fitowa a goshin duk wanda ta ɗauka.

Ya kwance gilashin, ya leƙa ciki. "Ga ta nan, ƙanwata. Ƙaramin aiki ne."

Sai ya zaro tsinken daga kunne, ya lashi bakinsa, ya nufi cikin kyamarar da shi. Wannan kam, in ji zuciyarta, ba shi da mai faɗa masa gaskiya a gida.

Ta fizge abarta. "Malam, bar mini ƙurata. Ita dai iska ce ta kawo ta."