Ƙofar Kicin ɗin Audilio

Nibaldo ɗan yayana ne, kuma ranar da ya dawo garinmu Chonchi daga birnin Santiago da gashi har kafaɗa na san an samu matsala. Kiɗa yake yi, in ji shi. Jita ce irin ta kowa, amma sai ya jona ta da wani ɗan akwati mai maimaita sauti, ya ɗauko waƙoƙin da iyayenmu ke yi wajen haƙar dankali, ya yi ta jan su har mutum ya manta inda aka faro. Ba ya rawuwa. Mu kuwa kiɗan da ba a taka masa rawa, zaman makoki muke ce masa.

Abin da ya fito da shi ƙofar kicin ɗin ubansa ce. In an tura ta a hankali takan saki wani dogon kuka, shi ya naɗa yake sawa a kowace waƙa. Mutanen ƙetare suka haukace a kai, har wasu Jamusawa biyu suka ce za su zo ranar Asabar su ɗauke shi a bidiyo yana kiɗa tare da ƙofar.

Uban, yayana Audilio, shekara arba'in yana ƙera jiragen ruwa na katako. Sai ranar Juma'a ya gane abin da baƙin za su zo ji.

"Wato duk duniya ta ji ƙofata tana kuka?"

"Son ta suke yi, Baba."

"Kafinta guda, ƙofarsa na ihu har Jamus. Madalla."

Asabar da safe Audilio ya ari man keken ɗinkina ya tsiyaya wa ƙarafan ƙofar. Baƙi suka kafa kaya, Nibaldo ya tura. Shiru. Ya sake turawa, ta buɗe salin-alin. Suka ci wainar dankali, suka yi godiya, suka tafi.

Wata guda yaron nan bai taɓa jita ba, har ya fara zancen sayar da ita. Ba na son kiɗan, amma ya ba ni tausayi matuƙa.

Ran nan na ga Audilio ya hauro daga bakin teku da buta, yana zuba wa ƙarafan ruwan gishiri.

"Yaya, me kake yi haka?"

"Tsatsa nake nema mata," ya ce, bai ko dube ni ba. "In masu jirage suka ji, ni da ke ne."

Ya kara kunne, ya tura ƙofar a hankali.

"Saura kamar wata biyu. Ki ce masa kada ya sayar."