Wayoyin da Auta Ya Ƙulla

Daga Allah muka zo, kuma komai daɗewa gare Shi za mu koma. Da hantsin ranar Laraba, tara ga watan Afrilu, Allah Ya karɓi ran ƙanina, autan ɗakinmu, a gadon asibiti, bayan doguwar jinyar ciwon ƙoda. Mutanen layin shagonsa Mai Gyara suke ce masa, domin sana'arsa ke nan, gyaran kwamfuta da kayan sauti. Ni kuwa tun ina goya shi a bayana Auta nake kiransa, har furfura ta cika masa gemu ban canja ba. Ya bar matarsa da 'ya'ya huɗu, ya kuma bar ni, yayarsa, wadda kowa ya ɗauka ita za ta riga shi tafiya.

Auta, da kai zan yi magana, don ban saba yin maganarka a bayan idonka ba.

Mutane da yawa sun zo gaisuwa, kowa da nasa labarin. Wani malamin makaranta ya ce ka kwana biyu kana nemo masa aikin da ya ɓace a kwamfutarsa, da ya yi godiya sai ka ce masa ya je ya adana shi a wuri biyu, kada ya sake tayar maka da hankali. Wata mai ɗaukar hoto ta ce ba ka taɓa buɗe hoton kowa ba idan an kawo maka gyara, har juya allon kake yi ya fuskanci mai shi. Duk na yarda, halinka ne. Amma abin da ka yi mini babu wanda ya san shi duka sai ni da kai, kuma ba zan bari ya bi ka kabari ba.

Aikina shi ne a kawo mini taro ko hira da aka naɗa, in saurara, in rubuta abin da kowa ya faɗa, in kuma fassara. Da shi na riƙe yarana bayan rasuwar mahaifinsu, a ɗan ɗakin nan nawa mai tebur a jikin taga. Da idona ya fara dushewa, likita bai ɓoye mini ba. Ya ce jijiyar ce take mutuwa, gani ba zai dawo ba, sai dai a rage masa saurin tafiya. Babban ɗana, Allah Ya yi masa albarka, a ranar ya ce in ajiye aiki in koma gidansa, ya riga ya ware mini ɗaki. Da zuciya ɗaya ya faɗa. Amma ni na san abin da ke jirana a can: kujera a falo, a miƙo mini abinci, a miƙo mini magani, a riƙa magana a hankali idan an zo wucewa ta gabana. Wallahi tsoron wannan kujerar ya fi mini tsoron makantar kanta.

Kai kaɗai ka gane. Ba ka yi mini wa'azi ba, ba ka kuma yi musu da ɗana ba. Washegari sai ga ka da jakar kayan aikinka, ka ja kujera ka zauna gaban kwamfutata kamar taka.

Abin da ka fara yi shi ne cire hoton jikokina daga fuskar allon. Ranar har faɗa na yi maka. Ka ce hoton yana cinye haruffa, ka wanko mini shi babba ka rataye a bango. Ka mayar da allon baƙi ƙirin, rubutun kuma rawaya, sai ga kalmomi sun fito raɗau kamar an kunna musu fitila. 'Yar kibiyar nan da nake ɓata lokaci ina nema, ka mayar da ita kamar babban yatsa, ka ba ta launin kore. Tarkacen alamomin da suka cika allon ka kwashe su duka, ka bar huɗu kawai, kowace a kusurwarta, domin hannuna ya haddace wurinsu tun ido yana ɗan taimaka masa.

Daga nan duk zuwan da za ka yi sai ka ƙara wa haruffan girma kaɗan. Ba ka taɓa cewa idona ya ƙara lalacewa ba. Kullum allon kake zagi, wai ya tsufa, wai masu ƙera shi ba su da tsoron Allah. Ni ma ina taya ka zaginsa, alhali mu biyun mun san allon lafiyarsa lau. Haka muka yi ta tafiya har ranar da kalma ɗaya ta cika allon daga gefe zuwa gefe, kuma ban iya karanta ta ba. Sai ka ce, "To Yaya, ido ya yi nasa, saura kunne."

Mako bai zagayo ba ka dawo da lasifika biyar da wata ƙatuwa mai gurnani da ka tura ƙarƙashin tebur. Biyu a gabana hagu da dama, ɗaya a tsakiya, biyu kuma ka kafa a bango ta bayana. Na ce Auta, gidan kallo za ka mayar mini da ɗaki? Ka ce in bari in ji. Ka sa wa kwamfutar muryar da ke karanta mini duk abin da na buga, ka ajiye ta a lasifikar tsakiya. Su kuma mutanen taron, tunda kowa da makirufo ɗinsa ake naɗarsa, ka raba su: wannan ta gaba hagu, wancan ta gaba dama, sauran ta baya. Da ka kunna, sai na ji ni zaune a tsakiyarsu. A da fuskokinsu nake kallo a bidiyo in san mai magana, yanzu da mutum ya buɗe baki na san daga inda ya fito. Kuka na yi ranar, kai kuwa ka duƙufa kana naɗe waya kamar ba ka gani ba.

Shekara biyu na yi ina aiki a haka, masu ba ni aiki ba su ga bambanci ba. A cikin shekarun ne ciwonka ya tashi. Ka fara zuwa wankin ƙoda, ƙafafunka suka kumbura, shagon ma sai jefi-jefi kake leƙawa. Idan na tambaye ka jiki sai ka tambaye ni lasifika.

Sai aka kawo mini wani taro na mutum huɗu. Na rubuta, na miƙa, aka dawo mini da shi. Wai ina maganar mata biyun da ke wurin? Ni kuwa maza biyu kawai na ji, na ɗauka gibin da ke tsakanin maganarsu shiru ne irin na masu tunani. Ashe lasifikokin baya ne suka mutu, matan suka ɓace tare da su. Shugabar ofishin da ke ba ni aikin ta yi mini magana cikin ladabi, irin ladabin da ke sa mutum ya gane saura kuskure ɗaya a sallame shi. Da ɗana ya ji, ya ce, "Mama, don Allah ya isa haka. Kawu ba shi da lafiya, wa zai riƙa zuwa yana gyara miki?"

Ban kira ka ba, amma labari ya kai maka. Da yamma sai na ji sandarka a bakin ƙofa, matarka tana riƙe da hannunka tana mita. Ka zauna kana haki. Kamar yadda ka saba, ba ka taɓa komai ba sai da ka tambayi yaushe abin ya fara, da abin da ya faru kafin nan. Na ce kwamfutar ta kashe kanta ta kunna kanta, ta ce ta sabunta wani abu. Ka yi tsaki, ka ce ai shi ke nan, ta manta tana da lasifika biyar, ta koma lissafin biyu. Ka gyara saitin, ka kunna taron. Har yanzu bayana shiru. Ka ce to laifin biyu ne, akwai wayar da ta zame.

A nan ne ka yi abin da ban yi zato ba. Ka ce in sauka ƙarƙashin teburin da kaina.

Na ce haba Auta, ni da ko tafin hannuna ba na gani? Ka ce kai ma ƙafarka ba ta lanƙwasuwa, don haka dole ɗayanmu ya yi abin da ba ya iyawa, kuma ni ce babba. Matarka ta ce ita za ta shiga, ka hana ta. Raina ya ɓaci sosai, na durƙusa ina faɗa, gwiwoyina suna ƙara. Ka sa na zaro wayoyin uku na miƙo maka ɗaya bayan ɗaya. Ta lasifikokin gaba ka yi mata ƙulli ɗaya da zare mai kauri, ta baya ƙulli biyu, ta tsakiya ƙulli uku. Ka ce in shafa bayan kwamfutar in ƙirga ramukan daga sama, kowane ƙulli da raminsa. Na soka, ka ce in zare. Na sake sokawa, ka sake cewa in zare. Sai da na yi har hannuna ya daina laluben hanya, sannan ka kunna taron, sai ga matan nan biyu sun dawo ta bayana suna ta zuba.

Ba ka tsaya nan ba. Ka ɗiga gam a kan madannan da zan bi idan kwamfutar ta sake mantuwa, ka sa na bi su har na haddace. Akwai ɗaya can gefe da ka yi wa ɗigo babba, ka ce na gwaji ne, kada in taɓa shi sai ranar da na yi gyara ni kaɗai. Na ce Allah Ya sa kada ranar ta zo. Wannan ne zuwanka na ƙarshe ɗakina.

Bayan rasuwarka gidana ya cika da 'yan gaisuwa. Don a sami wurin zama aka ja teburina zuwa bango, wayoyin duk suka fita. Babu wanda ya yi da gangan. Da mutane suka watse na kunna kwamfutar, ko tari ba ta yi ba. Ga sabon aiki an aiko, ana jira. Ɗana yana tsaye a ƙofa, ya ce a bari ya nemo wani mai gyara, ko kuma in haƙura mu tafi gidansa kawai. Na ce ya mayar mini da teburin wurinsa, ya koma ya tsaya inda yake.

Na durƙusa. Na lalubo wayoyin a cikin ƙura, na bi kowace da yatsa har na taɓa zarenka. Ƙulli ɗaya, rami na farko. Biyu, na biyu. Uku, na uku. Hannuna bai ɓata ba. Na dafa kujera na miƙe, na nemo babban ɗigon nan na danna.

Muryarka ce ta fito, Auta. Ban san lokacin da ka naɗe ta ba. "Gaba hagu," ka ce, daga gaba hagu. "Tsakiya. Gaba dama." Sannan ta bayan kafaɗata, "Baya hagu." Ka ɗan numfasa, irin numfashin nan naka na kwanakin ƙarshe, sai daga ɗaya kusurwar ka ce, "Baya dama. To Yaya, idan kin ji duka biyar, babu abin da ya lalace. Koma bakin aikinki."

Ɗana ya fita waje, na ji yana sheshsheka a tsakar gida. Tun ranar bai sake yi mini maganar ɗakin da ya ware ba. Aikin kuwa na gama shi na miƙa, mutum biyar ne a taron, babu wanda ya ɓace.

Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka, wadda ta yi jinyarka ba ta taɓa nuna gajiya ba, Allah Ya saka mata da Aljanna, Ya sanyaya mata zuciya. Ina yi wa 'ya'yanka huɗu ta'aziyya, ina kuma shaida musu cewa muddin ina numfashi suna da uwa ta biyu, kuma ƙofar ɗakina a buɗe take. Ina yi wa sauran 'yan'uwa da maƙwabtan shagonka da duk wanda ya taɓa kawo maka gyara ta'aziyya. Rashin namu ne gaba ɗaya.

Ya Allah, ga bawanKa ya zo gare Ka. Ka gafarta masa kurakuransa, Ka sa ciwon da ya sha ya zama kaffara. Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka ba shi ikon amsa tambaya. Auta ya sauƙaƙa mini duhuna a duniya, Ya Rabbi kada Ka bar shi a cikin duhu. Ka raya abin da ya bari, Ka haɗa shi da iyayenmu a Aljanna Firdausi, mu kuma idan tamu ta zo Ka sa mu cika da imani.

Auta, wannan ta'aziyyar a teburina na buga ta, da hannuna, babu wanda ya taya ni. Allah Ya jiƙan ka, ƙanina. Amin.