Alƙawarin da Aka Yi wa Baba Saje

Wata rana, ina jinyar yayana a asibiti, aka shigo da wani dattijo aka kwantar da shi a gadon da ke kusa da namu.

Dogo ne, amma ciwo ya cinye shi, sai ƙashi da idanu. Ciwon hanta ne. Likitoci sun riga sun faɗa wa iyalinsa gaskiya: sai dai a lallaɓa shi har ta Allah ta kasance.

Tsohon soja ne. Baba Saje ake ce masa.

Tun ranar farko muka ga yana da wasu halaye.

Ba ya yarda a ja labule a kewaye gadonsa.

Idan kwano ya faɗi a ƙasa, sai ya zabura, jikinsa ya ɗauki ɓari.

Idan aka zo ta bayansa aka taɓa shi ba zato, sai ya kai duka da wannan hannun da ko kofi ba ya iya riƙewa.

'Yan ɗaki suka fara ƙus-ƙus. Wani ya ce aljanu ne. Wani ya ce alhakin jini ne ke bin sa. Allah Ya yafe mana bakunanmu.

Akwai wata nas mai suna Rifkatu. Ita kullum ta gabansa take zuwa, ta tsaya inda zai gan ta, ta ce, "Baba, ni ce Rifkatu. Zan taɓa hannunka na dama in duba allurar ƙarin ruwa. In taɓa?"

Sai ya gyaɗa kai sannan take taɓawa.

Babban ɗansa ne ke jinyarsa, Nafi'u, ma'aikaci ne mai rufin asiri. Sunan mahaifin Baba Saje ya ci, don haka tsohon ba ya kiran sunansa. "Babana" yake ce masa.

Wata yamma da jikin ya ɗan yi sauƙi, tsohon ya kira ɗansa da nas ɗin. Ina zaune ina ba yayana kunu, duk abin da ya faɗa a kunnena ne.

Ya naɗe hannun rigarsa. Sama da gwiwar hannunsa akwai tabo, ya zagaye damtsen kamar awarwaro. Ɗaya hannun ma haka.

Ya ce a Laberiya ne, lokacin da aka tura su kwantar da tarzoma. 'Yan tawaye suka kama su su uku, shi da Isiyaku da Bulus. Aka ɗaure su ta baya da waya, gwiwar hannu na taɓa gwiwar hannu, aka jefa su cikin kwantena aka rufe.

Bulus ne ya fara cikawa. Isiyaku ya bi shi, yana roƙon a ba shi ruwa.

"Ina jin sa, kansa a kan ƙafata, amma ba ni da hannun da zan shafa masa fuska."

Ya ce ko matarsa, har ta koma ga Allah, bai taɓa ba ta wannan labari ba.

Sannan ya kamo hannun ɗansa.

"Babana, ban bar maka wasiyyar gida ko gona ba, wannan kun san yadda za ku yi. Abu ɗaya nake roƙo. Idan hankalina ya gushe, ko me na yi, kada ka bari a ɗaure ni."

Nafi'u ya fashe da kuka. Ya ce wallahi, muddin yana numfashi, babu mai ɗaure shi.

Rifkatu ta ce akwai hanya mai sauƙi. Idan ruɗewa ta zo, wani nasa ya zauna kusa da shi, ya riƙe hannunsa, ya riƙa kiran sunansa yana faɗa masa inda yake. Ta ce abin da ake bukata kawai shi ne kada a bar shi shi kaɗai.

Aka rabu a haka.

Ciwon ya ci gaba. Tsohon ya fara ruɗewa, yana fizge robar ƙarin ruwa. Nafi'u yana zama, yana riƙe hannun. Ba zan yi masa ƙarya ba, ya yi ƙoƙari, kuma ya gaji.

Sai ga wata Asabar. Maigidan Nafi'u na wurin aiki zai aurar da 'ya, kuma duk abokan aiki za su hallara. Ƙanwar Nafi'u, Bara'atu, da za ta karɓe shi jinya, tana hanya daga Zariya, ba ta iso ba. Rifkatu ba ta bakin aiki sai la'asar. Tsohon yana barci.

Ni kuma na fita sayo wa yayana magani.

Ina dawowa, tun daga baranda na ji ihu.

Ban taɓa jin dattijo ya yi irin wannan ihun ba.

Na shiga da gudu. Baba Saje na kwance, hannayensa biyu a ɗaure da bandeji a jikin ƙarfen gado, an ja labule an rufe shi. Yana ta bankarewa, yana kiran "Isiyaku! Bulus!" Fatar wuyan hannunsa ta saɓule, jini ya ɓata zanin gado.

Yayana ya ce min Nafi'u ne da kansa. Ya ɗaure shi a hankali yana barci, ya ce wa 'yan ɗaki yanzu zai dawo, kada kowa ya kwance shi don kar ya cire ruwan.

Muna kiciniyar kwance ƙullin, sai ga Rifkatu. Ta yaye labulen, ta sa almakashi ta yanke bandejin, ta durƙusa inda zai ga fuskarta.

"Baba, ni ce Rifkatu. Asibiti kake, a ƙasarka. Ga taga a buɗe. Ɗaga hannunka ka gani, babu komai a jikinsa."

Ta yi ta maimaitawa har numfashinsa ya daidaita.

Ana cikin haka Nafi'u ya shigo, da babbar riga da ƙamshin turare.

Tsohon ya dube shi. Idanunsa tar, babu alamar ruɗewa.

"Wa ya ɗaure ni?"

"Baba... don lafiyarka ne. Ban daɗe ba."

Tsohon ya ƙura masa ido.

"Nafi'u."

Karon farko ke nan da na ji ya ambaci sunan.

"Waɗancan da suka ɗaure ni ba su san ni ba. Kai ka san ni."

Ya juya fuskarsa bango.

Nafi'u ya durƙusa ya ba da haƙuri. Ya kawo ƙanin tsohon ya sa baki. Ya kawo limamin unguwarsu. Baba Saje bai zage shi ba, bai yi masa baki ba. Idan liman ya yi magana sai ya amsa da ladabi.

Amma duk lokacin da Nafi'u ya miƙo hannu, sai tsohon ya janye nasa ya cusa ƙarƙashin bargo. Ba na jin da gangan yake yi. Jikin ne ya daina yarda.

Bara'atu ta karɓi jinyar. A hannunta ya cika, wata safiya, taga a buɗe, tana laƙƙana masa kalmar shahada. Nafi'u yana waje a kan benci, don ya lura tsohon ya fi samun natsuwa idan ba ya ɗakin.

Da suka zo kwashe kaya, ya ja ni gefe. Idanunsa sun yi ja.

Ya ce, "Malam, kai kana kusa da shi. Don Allah, bai ce komai a kaina ba?"

Na so in yi masa ƙarya.

Na ce, "Bai ce ba."

Darasi:

Tsohon da ya ga yaƙi ko kisan ƙare-dangi, ba ciwon da likita ya gani kaɗai yake kwance da shi ba. Idan ƙarfi ya ƙare, abin da ya binne shekara da shekaru yakan taso. Kada mu yi saurin cewa aljanu ne ko rigimar tsufa. Mu tambaye shi abin da yake tsoro, mu sanar da shi kafin mu taɓa shi. Idan jinya ta fi ƙarfinka, ka faɗa, ka nemi mai karɓar ka, wannan ba abin kunya ba ne. Amma wanda ya buɗe maka rauninsa ya ba ka amana, kuma mai barin duniya ba shi da sauran lokacin da zai sake koyon yarda da kai.

Idan ka san wani da ke jinyar tsoho a gida ko a asibiti, tura masa wannan tun tsohon nasa yana da rai.

Allah Ya jiƙan Baba Saje, Ya sa mu cika da kyau da imani.