Kunun da ya juye a dajin Falgore

Muna idar da sallar asuba muka loda jarkoki muka fice daga Nassarawa GRA, ni da direban maƙwabcina, wani ɗan Jigawa da sai ka matsa masa yake magana. Ƙawata ce ke aurar da ɗanta a ƙauyensu, gaba da Saminaka. Kirista ce, tare muka yi aikin jinya kafin ta yi ritaya ta koma gida. Abu ɗaya ta roƙe ni: in dama kunun zaƙi da hannuna in kawo daga Kano, don baƙinta Musulmi su sha hankali kwance, tunda a ƙauyen kusan kowace babbar tukunya ta taɓa ganin burkutu. Na ce ta bar min wannan. Ni kuwa in na ce a bar min, to magana ta ƙare.

Tun daga gida raina bai kwanta ba. Wuta ta ƙi zama duk satin, janareto kuma ya zaɓi ranar ya mutu, kunun ya kwana a firiza mai ɗumi. Na tsaya Hotoro na sayi ƙanƙara da tsada kamar in yi kuka, muka jibga masa.

A Kwanar Dangora muka sayi ƙosai, ƙanana, mai ya fi wake yawa. Kafin Tudun Wada ayarin 'yan siyasa ya tare hanya, motoci da ganguna da matasa a kan rufi, kowa na ihun sunan gwaninsa. Ina duba baya, ƙanƙara na zama ruwa. Muna shiga dajin Falgore kuma bel ɗin mota ya tsinke. Direba ya hau acaɓa neman bakanike, ya bar ni da birai da rana. Na zauna, na tashi, na zagaya motar, na rufa wa jarkokin zanena, duk a banza.

Da muka ci gaba, sai ga wani wari-wari na tasowa daga baya, ga sauti siii ba ƙaƙƙautawa. Direban ya daɗe yana kallona ta madubi kafin ya ce, “Hajiya, kayan nan naki fa numfashi suke yi.” Jarkokin sun kumbura tim. Inna lillahi! Ni da na fito daga garin da ake bi ta kan kwalaben giya da buldoza, ga ni da hijabi har ƙasa, motata na wannan warin. Duk shingen da muka tunkara sai in sauke gilashi in hau salati.

Bayan la'asar muka isa. Ina murɗa murfin farko kumfa ta yi tsalle ta wanke min hannu. Kunu ne da ya yi tsami, ko ya riga ya zama giya? Ba zan iya kai shi baki in gane ba, ko na kai ma ban san ɗanɗanon da zan nema ba. Ƙawata ta kama baki tana danne dariya, ta aika a kira gwaggonta, tsohuwar da ke dafa burkutun ƙauyen tun tana budurwa.

Tsohuwar ta zo da ƙananan ƙore, ta sa aka jera jarkokin a inuwar mangwaro, ta ajiye burkutunta mai kauri ja-ja a gefe, da giyar fito wadda ta fi shi ruwa-ruwa, don ta riƙa gwadawa. Takan shinshina, ta kurɓa, ta juya a baki, ta tofar, ta kuskure da ruwa. Jarkar da ta sha rana ta jikin gilashi, ta ce ta gama tafiya, har ta fi fitonta kai. Ta kusa da ita ta ce tana hanya, zaƙin bai ƙare ba amma ya fara cizon harshe. Kafin ka ce me, dattawa sun kewaye mu, kowa da ƙwaryarsa. Wani ya ce citta da kanumfarin sun ba shi ƙamshin da nasu ba shi da shi. Wani ya ce bai kai burkutu cika ciki ba, amma in aka ɗiga masa ogogoro, barasar nan mai ƙarfi, sai a kai shi Jos a sayar. Har da mai tambayata ko a Kano nake da gidan dafawa. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage.

Jarka ɗaya ce, wadda ta kwanta a ƙasan sauran, tsohuwar ta ce har yanzu kunu ce. Na yi ajiyar zuciya na ce to ita zan ba baƙi.

“A'a, 'yata,” in ji ta. “Biki sai gobe da rana. Kafin nan ta bi 'yan'uwanta. Kada ki ba mutanenki abin da addininsu ya hana.”

Dattawan suka ce in bar musu, ko in sayar. Na ba su haƙuri, na tuntsurar da jarkokin duka a kwata, suna salallami kamar ana binne wani nasu. Ni ma sai da na yi hawaye, don gumina ne, kuma alkawarina ne ke bin rariya.

Da sassafe tsohuwar ta ja ni kasuwa muka sayi sabuwar tukunya dal da busasshen zoɓo. Ita ta ɗebo ruwa, ita ta hura wuta, ni na sa kayan ƙamshi. Kafin a fito daga coci ya huce.

Baƙi suka sha suna santi. Wani Alhaji, ɗan kasuwa daga Saminaka, ya ɗaga kofinsa ya ce, “Alhamdu lillahi, Hajiya. Wannan mun sha ba fargaba, tunda hannun mutanen nan bai taɓa shi ba.” Tsohuwar na tsaye a gefena da ludayi. Raina ya ɓaci, bakina kuma ba ya riƙe magana. Na ce, “Alhaji, tukunya sabuwa ce, amma Mama ce ta dafa. Ita ce kuma ta hana ni ba ku giya jiya.” Ya dubi kofin, ya tura shi ƙarƙashin kujera. Mutum biyu suka bi shi. Sauran dai suka ci gaba da sha, ni ma na cika kofi na shanye a tsaye. Tsohuwar ta miƙa min ludayin ta koma bayan gida.

Dawowa lafiya lau, ko taya ba ta yi faci ba, muka shigo Kano ana kiran magariba. Na koyi cewa kunu ba ya son doguwar hanya, na kuma koyi cewa wanda zai tsare maka addininka ba lallai ne ku haɗa alƙibla ba. Amma har yau zama ya gagare ni, saboda abin da tsohuwar ta tambaye ni da na je yi mata sallama. Tana wanke ƙorenta, ba ta ɗago ba, ta ce, “'Yata, da na yi shiru na bar ki kin ba Alhajin nan waccan jarkar, da ya shanye ya sa miki albarka, ko?”

Na ce mata eh.