Filashar da Yayan Mijina Ya Zaɓa

Kyamarar ta mijina ce. Da ya samu aikin tuƙi a Kagarko ya bar mini ita a jakarta, ya ce in riƙa samun na sabulu da ita. Irin sabbin nan ce marasa madubi a ciki, ƙarama, ba nauyi, da goyo a bayana ma ina iya aiki da ita. Ba wanda ya zaunar da ni ya koya mini. Shekara biyu ina riƙe masa jaka a wurin biki ina kallon yatsunsa, makarantar da na yi ke nan. A waje da rana hotona ba ya ba ni kunya. Amma kyamarar ba ta da wuta a jikinta, sai an ɗora mata filasha a ka, tamu kuma ta ƙone tun kafin ya tafi.

Cocinmu yana wani ƙauye bayan Manchok, kuma duhu gare shi ko da tsakar rana. Tagogi ƙanana, bango ba fenti, sama kwano ne tsirara ba silin. Dattawan ikilisiya sun hana ɗaukar hoto da waya a lokacin sujada, tun ranar da wata yarinya ta hau benci a ɗaurin aure ta faɗo kan mai ganga. Suka ce mai hoto ɗaya tak zai riƙa tsayawa a gaba. A da mijina ne. Da ya tafi, Mama shugabar zumuntar mata ta tsaya mini, ta ce a bar mini wurin.

Aikina na farko shi ne Lahadin miƙa yara ga Allah. Jarirai bakwai. A cikinsu akwai ɗan maƙwabciyata, wadda ta yi shekara tara da aure kafin Allah ya ba ta wannan yaron. Mijinta soja ne, yana can nesa, bai taɓa riƙe yaron ba, kuma ba a ba shi izinin zuwa ba. Ta same ni ina tankaɗe, ta zauna a bakin ƙofa ta ce, "Maman bebi, ni ba na son hoto da yawa. Lokacin da Baba Pasto ya ɗaga shi sama, wannan ɗayan nake so. Babansa ya ce shi zai sa a aljihu."

Ni kuwa na san aikin Baba Pasto. Ya karɓi yaro, ya ɗaga, ya faɗi suna, ya mayar, hannunsa har ya kai kan na gaba. Sau ɗaya yake ɗagawa, ba ya maimaita wa kowa.

Mijina ya turo kuɗin filasha, amma ba ni ya tura wa ba. Yayansa ya tura wa, malamin makaranta, wai ni ban yi boko ba za a cuce ni. Ni da zan riƙe abin a gaban jama'a, rakiya aka ce in yi.

Muka shiga bas zuwa Kafanchan, wani shago kusa da kasuwa. Mai shagon ya fito da guda uku. Ɗaya babba mai batirin caji irin na waya, kuɗinmu bai kai ko kusa ba, aka mayar da ita. Ɗaya tsohuwa ce, ta hannu, duk ta kukkurje, maɓallinta uku kawai. Ta ukun sabuwa fil a kwali, da gilashi mai nuna lambobi da maɓallai birjik. Ita da tsohuwar kusan kuɗi ɗaya. Yaya ya ɗauki kwalin ya sa tabarau, ya fara karanta Turancin jikinsa da ƙarfi, ciki har da inda aka ce kada a jefa a wuta.

Mai shago ya ɗora sabuwar a kan kyamarata, ya karkata kanta sama wajen farin silin ɗinsa, ya ɗauki Yaya. Hoton ya yi kyau, gaskiya. Yaya ya kalli kansa ya gyara kwala.

Ni ba hoton nake kallo ba. Akwai ɗan jan ido a bayan filasha, na san shi tun a ta mijina. Idan ta haska sai ya mutu, kuma ba za ta sake haskawa ba sai ya dawo. Na ga na wannan ya mutu ya ƙi dawowa. Ba ni da agogo, sai na fara rera amshin wata waƙar zumunta a zuciyata. Na kai ƙarshen amshin kafin ya kama. Na ce a gwada tsohuwar. Ban gama layin farko ba idonta ya dawo.

Na ce, "Yaya, tsohuwar nan ta fi. Sabuwar tana daɗewa kafin ta cika."

Ya kalle ni ta saman tabarau. "Matarmu, wannan ba tukunya ba ce da za ki ƙwanƙwasa ki ji sauti. Kin ga abin da aka rubuta a nan?"

"Ban gani ba, Yaya. Jan idon na gani."

Mai shago ya yi dariya. "Madam, batir ne ya yi sanyi. In kin sa sabo za ta yi gudu kamar mashin."

"To sa sabon mu gani."

"Sai an biya ake yage batir, Madam."

"Ai da batir ɗaya ka gwada su duka biyun."

Yarona ya fara kuka a bayana, shagon zafi, Yaya ya ce, "Je ki ba yaro nono, ki bar maza su gama magana." Na fita na zauna a benci wajen mai sayar da gyaɗa. Kafin yaron ya saki nono Yaya ya fito da baƙar leda yana murmushi. An biya, an rubuta ba a mayarwa. Har yau in na tuna fitowarsa da ledar nan sai raina ya ɓaci.

A gida na sa sababbin batura na gwada. A kan kabewa na gwada, ban yarda in haska idon yarona sau ashirin ba. Sabon batir bai canza komai ba. Abin da ya fi muni, tana ɗumi tana ƙara nawa. Na kira mijina, ya ce, "Yaya ya fi ki sanin irin waɗannan abubuwa." Shi da ya yi shekaru yana hoto! Ya san gaskiya sarai, yayansa ne ba ya so ya saɓa wa.

Ranar Asabar na je inda mata suke koyon waƙa, na ja Mama gefe na faɗa mata komai. Na ce abin da nake roƙo, bayan kowane yaro su tayar da amshi, Baba Pasto ba zai yi magana a kan waƙa ba, filasha ta samu ta cika.

Mama ta ce, "Waƙa kawai? 'Yata, mu da kullum ake roƙonmu mu yi shiru? Ki ɗaga mini kai in ta cika, ni ke kaɗa tulun da ke jan waƙa."

Lahadi na ɗaura farin katin gayyatar biki a kan filashar da roba, don hasken ya bugi katin ya sauko a hankali. Silin babu, kuma ba zan harba wuta kai tsaye cikin idon jariran mutane ba. Na ba ƙanwata yarona na tsaya gefen bagade.

Na farko ya yi. Mata suka ɗauki waƙa da tulu da caki, ido ya dawo, na ɗaga kai, Mama ta tsayar. Na biyu, na uku. Jama'a suna jin daɗi, an ɗauka sabon tsari ne. A na biyar filashar ta yi zafi a hannuna, sai da aka yi amshin sau biyu. A na shida sau uku, har wata tsohuwa ta fito rawa. Na ga Baba Pasto ya kalli agogonsa, ga wa'azi ba a yi ba, ga kuɗin baiko ba a karɓa ba.

Maƙwabciyata ce ta ƙarshe, don yaron ya ɓata riga ta fita canza masa. Mata sun buɗe baki ke nan Baba Pasto ya ɗaga hannu, kowa ya yi tsit. Ya karɓi yaron. Na kalli bayan filasha, baƙi ƙirin. Ya fara ɗaga shi. Na danna, ba wuta.

Ban san lokacin da na ce, "Baba Pasto, ka tsaya! Kada ka sauke shi!" ba.

Cocin gaba ɗaya ya ji. Ni da ko karatun Littafi ba a taɓa ba ni a gaba ba. Baba Pasto ya tsaya da yaro a sama, yana kallona. Yaron ya fasa kuka. Wani dattijo ya miƙe rabi. Ni kuwa idona yana kan filasha, ina cewa Yesu, Yesu a raina. Ban san ko daƙiƙa nawa ba ne, hannun Baba Pasto dai har ya fara rawa. Jan idon ya kama, na danna, wuta ta tashi.

Bayan albarka dattawa suka kira ni ɗakinsu. Na durƙusa na ba Baba Pasto haƙuri, kuma da zuciya ɗaya na ba shi, tsoho ne, na gajiyar da hannunsa. Yaya yana wurin, ya ce na kunyata gidansu, a gafarta mini rashin ilimi ne. Na ɗago na ce, "Yaya, wa ya zaɓi filashar?" Ya ce ba maganar da ake yi ke nan ba. Shi ban ba shi haƙuri ba, kuma ba zan ba shi ba. Dattawa suka ce in huta da hoton coci na wata uku.

Ranar Talata na wanko hoton a Kafanchan na kai wa maƙwabciyata. Yaro yana sama, baki a wangale yana tsala kuka, ƙafa ɗaya ba safa. Baba Pasto ya ɗaure fuska yana hararar mai hoto. Amma komai ya fito tas, har hawayen da ke kumatun yaron.

Ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Baba Pasto kamar zai dake ki."

Na ce, "Saura kaɗan."

Ta share hoton da bakin zaninta duk da ba abin da ya taɓa shi, ta ce in rubuta mata sunan yaron a baya da manyan baƙaƙe. Akwai wani abokin aikin mijinta da ya zo hutu Zangon Kataf, ranar Juma'a zai koma, shi zai tafi da shi.