Sai da Na Je Kanada Na Yarda Rufi Yana Gumi

Da asubar fari muka tashi daga unguwar Zongo, ni da ƙanwata, muka nufi filin jirgin Kotonu. Tafiyar ba ta kai minti ashirin ba, amma mota biyu muka ɗauka, ɗaya tamu, ɗaya ta kayanta. Ɗanta da ke Kanada aka yi wa haihuwa, ya aiko ta je ta ga jika, ni kuma aka ce in raka ta. Da yake na fi shekara ashirin ina sayar da kwanon rufi, sai ya haɗa ni da aiki. Ya sayi wani tsohon gini zai mayar da shi kantin kayan abincin Afirka, rufin ya mutu, an kawo masa shawara iri uku, ya ce Kawu ya zo ya zaɓa. Na amsa ban yi wata-wata ba, don a ganina rufi rufi ne ko a ina.

Akwai maganar da na baro a gida, gara in faɗe ta tun yanzu don za ta dawo. Shekara biyu da suka wuce Hajiya Larai mai kajin ƙanƙara ta gina ɗakin sanyi a unguwar Sainte-Rita, irin wanda muke ce wa firigo. Kwanona ta saya, ni kuma na kawo mata Malam Bawa, wani kafinta mutumin Jugu, ya ɗora. Ba a yi wata uku ba ruwa ya fara ɗiga a kan kwalayen kaji. Sau biyu aka hau aka toshe bakin kusoshi, bai daina ba. Wata Juma'a da aka sauko daga masallaci na tare Malam Bawa a gaban jama'a na ce sakacinsa ne. Ya ce, “Alhaji, rufin nan ba yoyo yake ba, gumi yake yi.” Na ce to a saya wa rufin mafici. Aka yi ta dariya har da masu tafawa. Daga ranar sunansa ya koma Bawa Gumi, ba wanda ya sake ba shi rufi a Zongo, ya tattara ya koma unguwar Avotrou yana ƙera benci. Ruwan kuwa har ranar tafiyata yana ɗiga, Hajiya ta jera bokitai.

A Kasabalanka muka sauya jirgi. Mun yi zaman awa huɗu, na sayi shayi kofi ɗaya a kuɗin da zan sha shayi da burodi na sati guda a bakin masallacin Zongo, kuma bai kai namu kauri ba. Da muka sauka Montreal wani ɗan guntun kare na 'yan duwan, wato kwastan, ya zo ya zauna kusa da akwatin ƙanwata kamar an aike shi. Aka buɗe, aka kwashe kilishin da ta kwana uku tana ƙullewa. Yaji da kuka da kuɓewa suka tsira. Har muka fita tana juyowa tana hararar karen.

Ɗan nata ya tare mu da riguna masu nauyi da huluna da safar hannu. Na ce masa ni ba na jin sanyi. Ƙofar waje na buɗewa na karɓi rigar na saka. Daga nan tafiyar awa uku ce a mota zuwa garin da yake. Hanya shimfiɗe, ba rami, ba ɗan kabu-kabu, ba mai talla, ba ma mai tafiya a ƙasa. Itatuwa duk sun zubar da ganye. Na ga wata mota tana watsa farin abu a kan kwalta, aka ce gishiri ne don kada hanya ta daskare. Mu a Kotonu gishirin teku shi ne babban maƙiyin kwanonmu, shi ke sa tsatsa ta ci shi cikin 'yan shekaru, su kuwa da kuɗinsu suke saye su zuba. Idona dai yana kan rufin mutane. Gidajen zama duk masu tsini ne, amma manyan kantuna da ma'ajiyai kansu a shafe yake kamar faranti. Na ce a raina masu kuɗin nan rowa suke yi.

Ranar can gajera ce ƙwarai. Kana idar da azahar ka ɗan zauna sai la'asar, kafin ka sha shayi magariba ta yi. Abinci kuma an kai ni na ci wani soyayyen dankali da ake zuba wa cuku da romo, wanda suke alfahari da shi. Ba laifi, yana riƙe ciki, amma ba zan yi kewarsa ba. A wani kanti na ga doya ƙwaya ɗaya an naɗe ta a leda kamar turare, kuɗinta ya isa tari guda a kasuwar Dantokpa. A nan na gane yaron bai yi wauta ba da ya zaɓi wannan sana'a.

Kwana biyu da isowa ya kai ni ginin. Tsohon garejin motoci ne, bangon bulo, rufin ƙarfe a shimfiɗe. Mai aikin rufin ya same mu a can, wani tsohon Bature gajere mai ja a kumatu. Faransanci yake yi, amma irin nasu, sai na kasa kunne sosai nake tsintar rabi. Ya zayyana mana ukun. Na farko a ɗaga rufin a yi masa tsini a sa kwano. Na biyu a sa wani irin kwano mai ɓawo biyu da soson tare sanyi a tsakiya, wanda ya fi duka tsada kuma sai an sake ƙarafan da za su ɗauke shi. Na uku a bar shi a shafe, a shimfiɗa soso mai kauri, a rufe da wata tabarmar kwalta da ake liƙawa da wuta.

Ban bari ya rufe baki ba na ce kwano mai tsini. Ruwa ya sauka ya wuce, shi ke nan, abin da na sani ke nan tun ina saurayi. Tsohon bai yi musu ba. Ya ja ni waje ya tsayar da ni a ƙofar kantin, ya nuna sama, ya tambaye ni in dusar ƙanƙarar wata guda ta taru a kan kwanon ta sulɓo gaba ɗaya, a kan wa za ta sauka. Na duba, daidai inda nake tsaye ne, inda masu saye za su riƙa shiga da 'ya'yansu. Ya ce ana iya sa ƙarafan tare ta, amma sai ta zauna a sama da nauyinta har bazara, kuma bakin indararo ya daskare ya toshe. Su a rufin da yake a shafe, tsakiya suke karkatar da ruwa, bututu ya bi da shi ta cikin ginin inda akwai ɗumi don kada ya daskare. Wato ruwan da mu muke kora waje, su cikin ɗaki suke shigo da shi da hannunsu. Na ce zan yi tunani, amma a raina ina nan a kan kwanona.

Washegari da hantsi muka koma. Sama garau, rana ta fito, kwana uku ba a yi ruwa ba, 'yar dusar da ta zuba ma iska ta share ta. An kunna na'urar ɗumama ɗaki tun shekaranjiya ana wanke daɓen da ruwan zafi. Ina tsaye a tsakiyar ginin sai na ji ɗis a kan hulata. Na matsa, wani ya sake sauka a kafaɗata. Na ce wa tsohon ga yoyo nan. Ya girgiza kai, ya jingina tsani ta ciki, ya miƙo mini tocila ya ce in hau. Na hau. Cikin ƙarfen rufin duk ya yi fari da ƙanƙara kamar cikin firji, inda rana ta buga kuma yana narkewa yana ɗiga. Na bi da tocila tsaf, ban ga huda ko ɗaya ba.

Daga ƙasa ya ɗaga murya ya ce, “Ba yoyo ba ne. Gumi yake yi.”

Na daɗe a kan tsanin nan fiye da yadda aikin yake buƙata.

Da na sauko ya yi mini bayani kamar yana karantar da ɗan aji ɗaya. Iska mai ɗumi tana ɗauke da ruwa, in ta taɓa abu mai sanyi sai ta sauke shi, kamar yadda kwalbar ruwan sanyi ke jiƙewa a hannu. Shi ya sa kafin soso ake fara shimfiɗa wata leda ta ɓangaren da ɗumi yake, don ta hana iskar isa wurin sanyi. Na ciro waya na nuna masa hoton firigon Hajiya da bokitanta. Tambaya biyu ya yi mini: ko yana ɗiga har da rani, da kuma kaurin soson da aka sa a saman ɗakin. Na ce yana ɗiga. Na gwada masa kaurin da yatsu biyu. Ya yi 'yar dariya ya ce a ƙasarmu zafi yana waje sanyi yana ciki, don haka ledar sai ta koma ta waje, soson kuma a ninka shi. Ban gaya masa cewa ni na ba Hajiya shawarar ta sayi siririn soso ba, wai mai kaurin ɓarnar kuɗi ne. Kunya ce ta hana ni.

Da yamma na ce wa ɗan ƙanwata ya ɗauki na uku. Ya ce, “Kawu, jiya fa kwano ka ce.” Na ce jiya ban hau tsani ba. Kwana biyar na yi ina zuwa kallon aikin, hannuwana cikin aljihu: leda, soso hawa biyu, sannan tabarmar kwalta, suna bin gaɓoɓinta da wuta. Suka gama ranar Alhamis, ranar Asabar dusa ta sauko ta rufe motoci har taya. Muka shiga kantin, ko ɗigo babu. Jikar kuwa lafiyayya ce, ta ɗauko goshin kakarta. Ƙanwata ta zauna za ta yi wata uku, ni na juyo ni kaɗai.

Ina saukowa daga jirgi a Kotonu zafi ya rungume ni, rigata ta jiƙe kafin in kai mota. Washegari ban buɗe shago ba, Sainte-Rita na nufa. Na sa aka kawo tsani na shiga tsakanin kwano da saman firigon da rarrafe. Kwanon a bushe yake ƙayau, kusoshin Malam Bawa a jere kamar an auna da zare. Soson da ke ƙasa kuwa ya sha ruwa, ina dannawa yana tsattsafowa. Na sauko na faɗa wa Hajiya gaskiya. Ta dube ni ta ce, “To Alhaji, ni kaji na yi asara. Shi wancan bawan Allah fa?”

Na same shi a Avotrou a bakin ruwa, ƙarƙashin wata rumfa, yana goge ƙafar benci. Ya rame, gemunsa ya ƙara fari. Muka gaisa, ya tura mini kujera, na ba shi labari tun daga tsani har soso. Bai daina gugar katakon ba har na gama. Sannan ya ce, “Alhaji, ashe sai da ka biya kuɗin jirgi Bature ya faɗa maka. Ni kyauta na faɗa.” Na ce ya yafe mini, ya zo ya gyara firigon. Ya ce tsaninsa ya sayar tun bara, gwiwoyin ma sun daina hawa. “Yafiya na yafe. Amma ba a nan ka ɓata ni ba. A bakin masallaci ka yi, can za ka je ka gyara.”

In kun tambaye ni abin da tafiyar nan ta koya mini, na farko dai kafin ka zaɓi rufi ka tambayi ta ina ruwan zai zo, don ba kullum daga sama yake zuwa ba. Na biyun ranar Juma'a na gane shi. Aka sauko daga masallaci, na tsaya daidai inda na tsaya shekara biyu da suka wuce, na ɗaga murya na ce jama'a su saurara, Malam Bawa gaskiya ya faɗa, ni ne ban sani ba. Ranar da na yi masa ba'a mun fi mutum talatin a wurin, ba wanda ya yi gaggawar tafiya. Wannan karon mutum tara suka tsaya. Da na gama, ɗaya daga cikinsu ya matso ya ce, “Alhaji, wane Malam Bawa ke nan? Ko Bawa Gumi kake nufi?”