Gadar da Kawu Ya Gina a Ɗakin Baƙi

Kawuna mai haɗa haƙoran roba ne. Shekara talatin da huɗu ya yi a wani ɗan ɗaki a bayan asibiti, tsakanin wurin wanki da ɗakin janareta, inda babu majinyacin da ke ganinsa. Likita zai ɗauki siffar bakin mutum ya aiko masa, shi kuma ya zauna da kaki irin na kyandir da farar hoda da 'yan wuƙaƙensa ya fitar da haƙora. Yakan ce rabin tsofaffin garin da aikinsa suke dariya, amma ko ɗaya bai taɓa yi masa murmushi a hanya ba, don ba su san shi ba.

Su uku ne a wurin kakata: babban wansu da kowa ke kira Yaya, sai Kawu, sai mahaifiyata, auta. Kawu yana da shekara goma sha ɗaya aka yi yaƙi, Yaya ya shiga soja yana da ashirin. Bai dawo ba. Takarda ce ta zo a madadinsa, layi biyar da aka buga da tafireta, wai ya rasu nan take a bakin wata gada yana kare abokansa har suka tsallake. Kawu ne ya karanta wa kakata, don shi kaɗai ne ya iya karatu a gidan. Har ta koma ga Allah, duk sanda aka ambaci Yaya abu ɗaya take faɗa: "Na gode Allah da bai sha wahala ba."

Da Kawu ya yi ritaya, mun ɗauka kiwon kaji zai kama kamar sauran abokansa. Sai ya sa kafinta ya haɗa masa faffaɗan tebur a ɗakin baƙi, ya kwashe kujerun zuwa baranda. Ya samo tsohuwar taswira da hotuna biyu na gadar da ya yanko daga wata tsohuwar jarida. Ya ce zai gina wurin kamar yadda yake ranar da Yaya ya faɗi.

Da farar hodar aikinsa ya yi tuddai da gaɓar kogi. Ciyawa, garin katako ne da ya rina. Bishiyoyi kuwa waya ce ya murɗa ya manna mata gutsattsarin soso. Kogin ya ba shi wuya ƙwarai, sau uku yana zuba gam mai garai-garai yana kankarewa, wai ruwan damina ba haka yake ba, ya fi wannan ja da fushi. Gadar da tsinken ashana ya yi ta, ɗaya bayan ɗaya, bayan ya yanke kawunansu. Sojojin kuma kowanne bai wuce tsawon ƙaramin yatsa ba. Ya ƙi sayen na kanti, ya ce duk fuskarsu ɗaya kamar 'yan uwa ɗaya uba ɗaya. Da kaki yake sassaƙa kowanne, ya zuba shi da robar dasashi, sannan ya sa tabarau mai ƙara girma ya bi shi da burushin da gashinsa bai wuce uku ba. Akwai mai ɗaure takalmi, akwai mai shan ruwa daga gora, akwai wanda ya waiwaya baki buɗe.

Matarsa, wadda muke kira Anti, ta sha mita. "Sojojinka ba sa ci ba sa sha," in ji ta, "amma sun cinye mini ɗaki guda. In baƙi suka zo sai dai in ce su zauna a bakin kogi."

"Ki yi haƙuri," yakan ce mata ba tare da ya ɗago ba. "Da an gama yaƙin za su tashi."

Duk da mitar, ita ce ke tsefe masa auduga don hayaƙi, kuma ba ta yarda kowa ya share ɗakin sai ita.

Yaya ne na ƙarshe da ya yi. Hoto ɗaya tak muke da shi, wanda ya ɗauka da kakin soja kafin a tafi da su. Wata biyu Kawu ya yi a kan fuskar nan da ba ta kai ƙwayar wake ba. Da ya gama, ya kafa shi a bakin gadar ta ɓangaren namu, a durƙushe a kan gwiwa ɗaya, bindiga a kafaɗa, sauran suna wucewa ta bayansa. Ranar da mahaifiyata ta gani, sai da ta nemi wurin zama. Ba ta tuna Yaya, tana goye ya tafi, amma ta ce kunnuwan nan na gidanmu ne.

Shekara shida aikin ya ci, amma hankalin Kawu bai kwanta ba. Ya ce taswira ba ta faɗin inda mota ta tsaya ko inda aka haƙa rami, yana son wanda ya taka wurin da ƙafarsa ya duba masa. Duk Alhamis yakan je inda tsofaffin sojoji ke taruwa da hoton Yaya a aljihu. An daɗe kafin wani ya ce masa akwai wani Kofur da ya yi gadi a kamfanin ƙanƙara, shi a rundunar su Yaya ya yi. Ni ke da mota, don haka ni na kai shi.

Mun sami Kofur a gidan 'yarsa, zaune a kan benci a inuwa. Ya haura tamanin, ido ɗaya ya yi fari. Ya karɓi hoton ya kawo shi kusa da hancinsa, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Dogo." Ashe sunan da suke kiran Yaya ke nan a bariki. Kawu ya kama hannunsa da hannu biyu. Amma da ya gaya masa abin da ya kawo mu, sai tsohon ya janye hannu ya ce ƙafarsa ba ta barinsa fita. Sau uku muna komawa. A na uku ne 'yarsa ta ce, "Baba, bawan Allahn nan fa ya gaji da zarya." Ya ce to a ɗauko masa hula.

Da hantsi muka iso gidan Kawu. Anti ta buɗe tagogi duka don haske. Kofur ya tsaya a bakin teburin, ya dafa sandarsa, ya ƙare masa kallo. Can sai ya fara bin wurin da yatsa. Ya ce bishiyar nan ta fi haka kusa da ruwa. Ya ce motoci biyu ne, ba uku ba, ɗaya ta ƙone tun da safe. Kawu yana biye da shi yana rubutawa a littafi, fuskarsa cike da murna. Har yatsan ya iso kan ɗan sojan da ke durƙushe.

"Wannan wane ne?"

"Yaya ne, Baba Kofur. Dogo."

"Ba nan yake ba."

"To ina yake? Ta hagu?"

Tsohon ya miƙa hannu ya tsallake kogin, ya dangwala yatsa a ɗaya gaɓar, inda Kawu bai sa kowa ba sai ciyawa. "Nan."

Anti ta turo masa kujera, ya ƙi zama. Ya ce a tsaye zai faɗa. Ranar, in ji shi, an ba su umarni da zarar mutanensu sun tsallako a fasa gadar, don abokan gaba na tafe a baya. Shi aka ba akwatin da ake dannawa nakiya ta tashi. Kowa ya tsallako, sai aka ji wani mai rauni yana kira daga can ƙetare. Dogo ya ajiye bindigarsa ya koma da gudu. Ya saɓo mutumin a baya, yana tahowa, saura kamar taku hamsin ya hau gada, sai aka fara jiyo motocin abokan gaba. Hafsansu ya daka tsawa a danna.

"Na ce, ranka ya daɗe, Dogo yana can. Ya sake cewa a danna. Na sake faɗa masa. Sai ya ɗora mini bakin bindiga a nan." Ya taɓa bayan kunnensa. "Na danna."

Kawu ya ce da wata irin murya, "To nan take ɗin ke nan. Gadar ce ta tashi da shi."

"A'a, ɗana. Bai kai gadar ba. Da hayaƙi ya washe na gan shi tsaye, ko ƙwarzane babu. Ya kwantar da mutumin a ƙasa, ya cire hularsa yana ɗaga mana. Kogi ya cika ya batse, shi kuma bai iya ruwa ba, kowa ya sani, muna yi masa tsiya a kai. Sunana yake kira. Aka ce mu hau mota, muka hau. Har muka sha kwana yana tsaye yana ɗaga hular. Da ransa muka bar shi. Abin da ya same shi bayan nan, wallahi ban sani ba."

"Takardar fa?"

"Hafsan ne ya rubuta. Mutum goma sha ɗaya muka rasa a makon, duk iri ɗaya ya rubuta wa iyayensu."

 Kawu ya rufe littafinsa, ya sa biro a aljihu, ya cire tabarau ya ninke. Bai dubi Kofur ba. Ni ya duba ya ce, "'Yar nan, mayar da shi gida."

A mota, da muka kusa isa, tsohon ya juyo gare ni. Ya ce, "Ko 'yata ban taɓa gaya wa ba. Da na ga ya durƙusar da shi a wurin nan, na kasa ɓoyewa."  Na kama shi ya sauka, na miƙa masa sandarsa.

Da na dawo, na tarar Kawu ya ɓamɓare Yaya daga bakin gadar. Gam ɗin ya kama sosai, gwiwar ta karye ta zauna a wurin. Yana riƙe da sauran a tafin hannu. Ya ce, "Ni na karanta mata. Da bakina na ce mata nan take. Shekara ashirin da bakwai tana gode wa Allah a kan maganar da na karanta." Na ce ai shi ma abin da aka rubuta ya gani, yaro ne a lokacin. Ya girgiza kai. "In kama shi suka yi fa? In ya yi shekaru a wani wuri yana jiran mu neme shi? Ko sau ɗaya ba mu tambaya ba." Daga nan ya roƙe ni kada in gaya wa mahaifiyata. Sai bayan rasuwarta na fara ba da labarin nan.

Wata huɗu ɗakin yana kulle. Kawu ya rame, ya daina fita sai sallah. Anti ta ce da ta san haka za a yi, da ta bar sojojin sun cinye gidan gaba ɗaya. Wata rana da safe sai ta ji ƙarar ƙaramin zarto. Ta leƙa ta ga yana yanke tsakiyar gadar da ya yi shekara guda yana jerawa. Ya bar guntayen ashanar a warwatse a kan ruwan. Ya cire mota ɗaya, ya matso da bishiyar. Sannan ya sassaƙa sabon Yaya a tsaye, babu bindiga, hannu a sama da hula, da wani kwance a gabansa. Wannan karon hannunsa ya fara rawa, fuskar ba ta fito kamar ta farko ba. Ya kafa shi can ƙetare shi kaɗai.

A cikin kwanakin nan 'yar Kofur ta zo har gida. Ta ce jikin Baba ya yi tsanani, kuma yana ta cewa a kira masa ƙanen Dogo. Kawu ya karɓe ta da mutunci, ya yi masa addu'ar samun sauƙi, ya ce zai zo. Bai je ba. Na yi masa magana sau biyu, ya ce, "Ban riƙe shi ba, 'yar nan. Na san bindiga aka sa masa. Amma in na ga yatsan nan nasa, ban san abin da zai fito daga bakina ba. Bari in ɗan ƙara kwana biyu."

Ranar Talata ya kira ni ya ce in zo in kai shi, ya shirya. Ya sa fararen kaya, ya sayi lemo a leda. Muna shiga layin muka ga tabarmi a ƙofar gidan da mutane zazzaune. Ashe tun jiya da la'asar aka binne Kofur.

Kawu ya yi ta'aziyya, ya zauna cikin mutane kamar kowa. Da za mu tafi, 'yar ta biyo mu har bakin mota. Kawu ya tambaye ta ko tsohon ya bar masa saƙo. Ta ce ya ce akwai wata magana da Dogo ya yi masa da safiyar ranar, a kan mutanen gida, yana son ya faɗa wa ƙanensa baki da baki. Ta roƙe shi ya gaya mata ta isar, ya ce a'a, ba tata ba ce, mai ita zai zo.

Muka shiga mota. Na kunna, amma ban ja ba, don na ga Kawu ya kifa goshinsa a kan gilashin taga. Kafaɗunsa suna motsi. Ban taɓa ganin kukansa ba sai ranar. Da ya samu ya yi magana sai ya ce, "Jiya ma fa ba abin da nake yi. A zaune na wuni."

Ya yi shekara biyu a duniya bayan haka. Bai ƙara sassaƙa komai ba.